Cikar Kwando Ba Cikar Gulbi Ba Ce: Yadda Ake Ƙidaya Kifin Da Ido Bai Gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ya ga yadda ake buga bindiga dubban mutane su ruga cikin ruwa da homa da gora, kafin sa'a guda ta cika a fara kinkimo giwan ruwa zuwa ma'auni ƙarti na nishi a ƙarƙashinsa, da wuya ka shawo kansa ya yarda kifi na ƙaranci a ƙasar Kabi. A bikin 2020, kifin da ya ci gasa kilo 78 ya yi. Zai ce maka gani ya kori ji.

Amma bar Argungu ka gangara Yawuri a ranar da ba biki ba kiɗa, ka zauna wurin da ake sauke kaya daga kwalekwale da sassafe. Zance ɗaya za ka ji a bakin dattawan masunta: an ƙara raga, an ƙara nisan tafiya, kuɗin mai ya ninka, shi kuwa kifi sai ƙanƙancewa yake yi. Yauni da ramboshi irin waɗanda a da ake yankawa gunduwa-gunduwa, yau in an kamo ɗaya sai an taru ana kallo.

Da na Argungu da na Yawuri babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da ruwansa ya nuna masa ne. Matan Fada ruwa ne da ake rufewa shekara zungur, ba mai jefa ƙugiya sai ranar da aka ba da izini. Ruwan Yawuri kuwa kullum a buɗe yake, dare da rana. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ruwaye biyu ita ce abin da masu binciken harkar su suka shafe fiye da shekara 100 suna nazari a kai, a teku da tafki da gulbi.

Wahalar farko ita ce ƙidaya. Bafulatani ya san adadin garkensa har da sunan kowace saniya. Ko a zamanin jangali da ake kora shanu cikin daji a ɓoye, mai ƙidaya in ya dage zai iske su. Kifi fa? Yana cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani da damina, ba ya zama wuri guda, kuma uwa ɗaya kan zubar da ƙwai dubbai waɗanda mafi yawansu ba za su ga wata biyu a duniya ba. Saboda haka duk adadin da ka ji an ce na kifin wani ruwa ne, ƙiyasi ne. Gwaninta tana wajen yadda aka yi ƙiyasin.

Hanya mafi sauƙin fahimta, wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Petersen ne ya yi amfani da ita tun 1896. A ƙaddara ka kamo tarwaɗa 200 a wani tafki, ka yi musu alama ka mayar. Bayan kwanaki sun cakuɗa da 'yan'uwansu, ka sake kamo 100, ka iske 10 daga ciki na ɗauke da alamarka. Ke nan ɗaya cikin goma na kifin tafkin ne ka yi wa alama, don haka duka-duka sun kai 2,000. Wannan dabara tana aiki a tafkunan fadama da ke yankewa daga gulbi da rani, inda ba mai shiga ba mai fita. A kan Neja kuwa, inda kifin da ka yi wa alama a Lolo zai iya wayar gari ya tsallaka iyaka, ba ta da ƙarfi.

Shi ya sa aka fi dogara da hanya ta biyu: a daina tambayar kifi nawa aka sauke, a koma tambayar wahala nawa aka sha kafin a same shi. A ƙaddara wani ƙauye yana da kwalekwale 10, kowane na dawowa da kwando 5 a dare. Kwando 50 ke nan. Shekaru suka shuɗe, yara suka girma, baƙi suka sauka, kwalekwale suka zama 50, kowane na dawowa da kwando guda. Har yanzu kwando 50 ne ke isa kasuwa. Dillali zai rantse ba abin da ya canza, mai banda ma haka, ma'aikacin da ke rubuta abin da ya shigo kasuwa shi ma zai kai rahoto cewa lafiya lau. Alhali ruwan ya zube sau biyar. Masunci kaɗai ya sani, don shi ne ya kwana a ruwa ya dawo da abin da bai biya kuɗin mai ba. Abin da masana ke bi ke nan: abin da raga ɗaya mai tsawo kaza ta kamo a dare ɗaya, a rubuta shi shekara da shekaru a ga inda ya dosa.

Sai dai ita ma wannan hanya tana da rami, kuma a cikinsa ƙasar Kanada ta faɗa. A gaɓar Niyufanlan akwai wani farin kifi na ruwan sanyi da ake kira kod, dangin wanda ake busarwa a kawo mana a matsayin okporoko. Turawa sun yi shekara kusan 500 suna kamunsa bai ƙare ba. Da manyan jirage masu jan raga a ƙasan teku suka shigo, kamun ya haura har tan 810,000 a 1968. Cikin shekarun 1980 ƙananan masunta na bakin gaɓa suka yi ta kuka cewa kifi ya ragu kuma ya ƙanƙance. Ba a saurare su ba, domin alƙaluman manyan jirage na nuna kowane jirgi na cika cikinsa kamar kullum. Abin da aka makara ba a gane ba shi ne, sauran kifin da ya rage yana taruwa ne wuri guda, jiragen kuma suna da na'urar gano inda ya taru. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum sama da 30,000 suka rasa aiki a lokaci guda. An ce na shekara biyu ne. Sai 2024 aka sake buɗewa, bayan shekara 32, shi ma da ɗan kaso kaɗan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a fadama. Tafki in ya kusa ƙafewa da bazara, kifi kan taru a ɗan gurbin da ya rage, a ranar ne yaro ma ke cika kwando da hannu. Babu mai hankalin da zai ce tafkin ya fi kowane lokaci albarka. Ranar ƙarshe ce. A teku dai ba a ganin gaɓa tana matsowa, shi ya sa masu digiri suka ruɗu.

Hanya ta uku ita ce na fi yarda da ita, don ba ta buƙatar komai sai allo mai ma'aunin tsawo da littafi: a duba girman kifin da ake kamawa. A cikin kan kifi akwai wani ɗan dutse a kunnensa da ke yin zobe-zobe kamar na kututturen itace. A ƙasashen da ke da hunturu mai tsanani, kowace shekara zobe ɗaya ne, sai a ƙirga a san shekarunsa. A ruwanmu mai ɗumi zoben ba ya fitowa sarai haka, saboda haka tun farkon shekarun 1980 masana irin su Daniel Pauly suka fito da hanyar gano girma da mutuwar kifi daga tsawonsa kawai, in dai an riƙa aunawa wata-wata. Tambayar da ake son amsawa ɗaya ce: kifin nan da ke cikin kwando, ya taɓa haihuwa kafin a kama shi? In mafi yawa ba su kai ba, to ana cin iri ne.

Akwai kuma abin da bincike ya daɗa tabbatarwa a 'yan shekarun nan: babbar uwa ba daidai take da ƙanana biyu masu rabin nauyinta ba. Ta fi su yawan ƙwai, ƙwanta kuma ya fi girma. A jinsin giwan ruwa mata ne suka fi girma. Ke nan duk lokacin da aka ɗaga wani gansamemen giwan ruwa ana tafi, akwai yiwuwar tsohuwar uwa ce aka raba da gulbi. Rana ɗaya a shekara ruwa zai iya jurewa. Kullum ne ba zai iya ba.

A nan batun idon raga ya shigo. Masuntanmu da yatsa suke auna shi: mai yatsa huɗu, mai uku, mai biyu. Mutum ba ya sauka daga huɗu zuwa biyu don mugunta. Manyan sun ƙare, mai huɗu ta dawo wayam, gida kuma ana jiran cefane. In ya sauka, maƙwabcinsa ma dole ya sauka, ko ya kwana da yunwa. Haka ake ta gangarawa har a kai ga gidan sauro, wanda aka raba don maganin zazzaɓin cizon sauro ya koma tace 'ya'yan kifi a bakin ruwa. Kowa ya san ɓarna ce, amma ba wanda zai daina shi kaɗai.

Duk waɗannan awo, abin da ake nema da su shi ne sanin iyakar abin da za a ɗiba ruwa ya mayar. Ɗan kasuwa zai gane shi nan take: akwai uwar kuɗi, akwai riba. Wani Ba'amurke mai suna Schaefer ya tsara lissafin a 1954, inda ya nuna cewa kifi ya fi saurin mayar da gurbi idan an rage shi zuwa kusan rabin yawansa na asali, domin a lokacin abinci ya wadata kuma iyaye ba su yi kaɗan ba. A takarda abin gwanin kyau. Matsalar ita ce lissafin ya ɗauka ruwa ba ya sauya hali. Ƙasar Peru ta kama wani ɗan ƙaramin kifi tan miliyan 12 a 1970, ba ƙasar da ta kai ta a duniya. A 1972 ruwan ɗumi da ake kira Elnino ya mamaye gaɓarta, ya iske kifin an riga an raunana shi, sai sana'ar ta rushe. Tun daga nan masu hankali a fagen suka koma cewa a tsaya nesa da iyakar, kada a je bakinta. Duk da haka rahoton Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna kashi 37.7 cikin ɗari na rukunan kifin teku da ake bibiya ana kamunsu fiye da ƙima. A 1974 kashi 10 ne.

Kayan aikin sa ido a teku kam sai wanda ya gani. Akwai jiragen bincike da ke aika sauti ƙasan ruwa su auna taron kifi daga amsa-kuwwar da ta dawo, irin jirgin nan na Norwe mai suna Dr Fridtjof Nansen da ke zagaya gaɓar Afirka. Akwai na'urori kusan 4,000 da ake kira Argo suna yawo a tekunan duniya, kowace ta nutse har mita 2,000 ta taso bayan kwana 10 ta aika da labarin ɗumi da gishirin ruwa. Tauraron ɗan'adam na duba launin teku ya nuna inda gansakukar da ƙananan kifi ke ci ta yi yawa, yana kuma bin sawun manyan jiragen su ta siginar da suke fitarwa, duk da cewa ɓarawon jirgi kan kashe tasa in ya shiga ruwan da ba nasa ba. Har an kai ana ɗibar ruwa a kwalba a gano jinsunan da ke zaune a wurin daga ɓurɓushin ƙwayar halittar da suka bari. Nijeriya tana da gaɓa mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, dokar 1992 kuma ta hana manyan jirage jan raga a mil 5 na farko daga gaɓa don a bar wa masu kwalekwale.

Wani zai ce ina ruwan Bakabe da teku. Ai teku tana zuwa Birnin Kebbi kullum a cikin kwali. Gwamnati da kanta tana cewa ƙasar nan na buƙatar kifi kusan tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce miliyan ɗaya da ɗoriya ba. Titus da shawa da kote da ake soyawa a bakin titi daga ruwan wasu suke fitowa. Shi titus na arewacin Atilantika, ƙasashen da ke kamunsa sun shafe sama da shekara goma sun kasa daidaitawa a kan rabon kaso, kowa na yanka wa kansa, jimillar na wuce abin da masana suka ba da shawara. In ya yi ƙaranci can, mai tuyar kifi a Jega za ta ji a kuɗin kwali. Haka ma mai kiwon tarwaɗa a kududdufin siminti: garin kifi na cikin abincin da yake saye, masana'antun Muritaniya da Senegal da Gambiya kuwa suna niƙe ƙananan kifayen da talakawan can ke ci ne don su yi garin.

To amma babban darasinmu ba sai mun je Kanada ba. Yana nan Kainji.

An gama madatsar a 1968, ruwa ya kwanta ya yi tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,200, ya cinye tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin Gungawa, kansa na arewa ya taɓo Yawuri. Ciyawa da itatuwan da ruwa ya shanye suka ruɓe suka zama taki, kifi ya yi ambaliya, musamman faliya. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina. A 1971 an ƙiyasta kamun ya haura tan 28,000. Kafin shekarun 1970 su ƙare ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar dole ne, don kowane sabon tafki kan yi wannan tashen ya lafa idan takin ya ƙare. Wani ɓangaren kuma yawan raga ne. Mun san waɗannan alƙaluma ne saboda tun 1968 aka kafa aikin bincike a Sabuwar Busa, wanda daga baya ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa.

A shekarun 1990 aka yi wani aikin haɗin gwiwa da Jamus, kuma a lokacin ne aka yi wa tafkin ƙidayar da ta fi tsari: a bi ƙauye-ƙauye a ƙirga masunta da kwalekwale da kowane irin kayan su, sannan a zaɓi wasu mashigai ana auna abin da aka sauke wata-wata. Sai ga kamu ya haura tan 38,000 a 1996. Wanda ya ga lambar kawai zai yi murna. Amma da aka buɗe kwandon, kaso mafi tsoka warangi ne, ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa, kuma da dala ake jawo shi. Dala raga ce mai ido kamar na rariya, ana zagaye bakin ruwa da ita a ja zuwa tudu. Bakin ruwa kuwa nan ne ɗakin renon 'ya'yan faliya da karfasa da giwan ruwa, duk sai ta haɗo da su. Jihohin Kebbi da Neja suka yi dokar da ta haramta dala, ta sa ƙaramin idon ragar shimfiɗawa ya zama inci 3, aka kuma shigo da lasisi. A farkon shekarun 2000 kamun ya dawo wajen tan 13,000. Nan ma mai kallon lamba zai ce an shiga uku, alhali wani ɓangare na raguwar daga janye dala ne, abin da aka yi da gangan. Lamba ɗaya ba ta magana sai an san wace raga ce ta kawo ta da kuma wane kifi ne a ciki.

Doka kuma takarda ce. Tafki mai tsawon sama da kilomita 130, mai lunguna da tsibirai, ba ma'aikacin da zai tsare shi da jirgi ɗaya da jarkar mai. Ƙidaya ita ma haka: amfaninta yana cikin rashin yankewa. Awon shekara biyar da aka yi da kuɗin baƙi aka tsaya, kamar mai jinya ne da aka auna sau ɗaya aka sallama.

Akwai wurin da ilimin teku ba ya yi mana aiki in an kwaso shi ɗungurungum, kuma a ganina nan ne aka fi yin kuskure. A teku, babban abin da mutum ke iya juyawa shi ne yawan kamu. A gulbi mai fadama kuwa, ambaliya ce uwar kifi. Idan ruwa ya cika ya malala cikin fadama, kifi kan bi shi ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai, 'ya'yan su yi wata biyu ko uku suna kiwo a ruwa marar zurfi inda manya ba sa iya bin su, in ruwa ya fara janyewa su dawo gulbi da ƙarfinsu. Wani masani mai suna Welcomme ya tattara alƙaluman kogunan Afirka tun shekarun 1970, ya nuna cewa kamun bana yana bin girman ambaliyar bara da ta bara waccan. A fadamar Neja da ke Mali, fari na shekarun 1970 da 1980 ya rage kamu da kusan rabi. Tsoffin Sarkawa ba su buƙaci littafi ba kafin su san shekarar babban ruwa ita ke haifar da shekarar kifi.

Neja a wajenmu sau biyu yake cika. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ruwan samanmu da gulaben Rima da Zamfara da Ka ke kawowa. Akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu, wanda ya faɗi tun a tsaunukan Gini ya yi watanni yana ratsa fadamar Mali har lakarsa ta kwanta. Duk abin da ya taɓa ɗayansu ya taɓa kwandon masunci. Madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, an yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasa da ita aka ga ambaliya ta ragu, noman shinkafar fadama da kamun kifi duka suka ja baya. Goronyo ta biyo a 1984. Jamhuriyar Nijar na gina tata a Kandaji a kan Neja kansa. Ba cewa nake madatsa ba ta da amfani ba. Cewa nake, ranar da injiniya ya yanke shawarar buɗe ƙofa ko rufewa, ya yanke wa kifi hukunci, ko ya sani ko bai sani ba, kuma ba kasafai ake kiran masunci wurin zaman ba.

Sai shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, fadama ta cika da injin ban-ruwa. Arziki ne, ba mai musu, kuma da yawa daga masu noman su ne masuntan. Amma tafkin da aka zuƙe da inji a watan Maris, shi ne mafakar da iyayen kifi ke jiran damina a ciki. Maganin ciyawa da na ƙwari da ake fesawa, ruwa ne makomarsa. Ga masu zuba maganin ƙwari Gamalin a ruwa da gangan su kwashe abin da ya taso, babba da yaro. Ga wankin zinariya a yankin Yawuri da ƙasar Zamfara. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta nuna abin da ƙasar ma'adinai ke iya yi, sinadarin makyuri da ake kama zinariya da shi kuwa taruwa yake a jikin kifi, ya fi yawa a manyan da ke cin 'yan'uwansu. Wannan ba a gane shi da ido ko da harshe, sai ɗakin gwaji. Sauran awon ruwa kuwa ba su da tsada: farin faifai da ake zurawa da igiya a ga zurfin da zai ɓace, wanda ake amfani da shi tun 1865, da sandar auna cikar gulbi, da 'yar na'urar auna iskar da ke cikin ruwa da asuba.

To wa zai riƙe doka? Wata Ba'amurkiya, Elinor Ostrom, ta ci kyautar Nobel a 2009 saboda ta nuna cewa dukiyar da jama'a ke tarayya a kanta ba dole ne ta lalace ba, muddin an san iyakarta, an san masu haƙƙi, su ne suka yi dokar, masu tsaron daga cikinsu suke, kuma hukunci na hawa daki-daki. Wanda ya san ƙasar Kabi zai yi murmushi, don an bayyana masa Sarkin Ruwa ne da Homa, shugaban masunta. Tun kafin bikin 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, akwai gyaran ruwa da fashin ruwa: ba a shiga sai an buɗe. Da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin gadon al'adun duniya a 2016, kiɗa da kokawa da tseren kwalekwale aka fi ɗauka a hoto. Ni kuwa abin da na fi ganin darajarsa shi ne watannin da ba a yin komai.

Kada dai a yi wa al'ada kirarin da ya wuce ta. Rufe ɗan yanki na gulbi daban, rufe ruwan da dubban gidaje ke ci daga gare shi kullum daban. Ghana ta fara rufe wa masu kwalekwale teku wata guda a 2019, kuma tambayar da aka yi ta jefa wa gwamnati ita ce me za a ci a watan. Tambaya ce ta gaskiya. Ikon Sarkin Ruwa kuma yana tsayawa ne inda ƙasarsa ta tsaya, ba ya kai ga baƙon da ya zo da injin da dare, balle mai buɗe ƙofar madatsa. Inda na ga abin zai yiwu shi ne a raba aiki: sarauta ta riƙe wane gurbi ne haramun da wane wata ne na hutu, musamman farkon cikar ruwa da kifi ke shiga ciyawa, hukuma ta tsaya mata da ƙarfin doka a kan mai guba da mai dala, masana su riƙe littafi su kuma dawo su karanta wa masunta abin da ke ciki da Hausa, ba su kai shi taro a Abuja kawai ba.

Littafin yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba. Pauly ya yi bayaninsa a 1995: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar yana yaro a matsayin cikar ruwa. Saurayin da ya fara su bana, kwando guda ne daidai a wurinsa, in ya sami biyu ya yi sa'a. Kakansa da ya san biyar in ya rasu, ya tafi da ma'aunin. Cikin zuriya uku sai a manta an taɓa yin wani abu, ba wanda zai nemi a dawo da shi.

A Matan Fada ma'auni na nan a kafe duk ranar su, amma manyan da ke neman kyauta ake kai wa. Sauran dubban da ke fitowa a homa, bargi da kurungu da tsage da karfasa, kowa kan saɓa nasa ya wuce. Da za a zaunar da ɗaliban jami'ar Aliero da ta Birnin Kebbi a bakin ruwa da allo da littafi, su auna ko 500 ne daga ciki, a kuma yi irin wannan awo a mako guda a mashigin Yawuri da na Warra, da an sami abin da masu binciken teku ke kashe miliyoyi suna nema: ruwan da aka rufe da wanda aka bari a buɗe, a ƙasa ɗaya, ana gwada su duk shekara. Kuɗin allon da littafin bai kai na man da za a zuba wa motar da ake ba zakaran gasa ba.